Wanki, kankarewa ko maganin haske: wanne ya dace da tabon haƙorinka?

Ƙanwata ta taso da ɗigo-ɗigon tabo masu launin ruwan ƙasa a haƙoranta biyu na sama, da wani farin zane kamar an goga alli. Da bikinta ya matso babu abin da ba ta gwada ba, daga gawayi da toka, gishiri da lemun tsami, har wani gari a ƴar kwalba da ta sayo a Kasuwar Dole. Tabo yana nan daram. Abin da ta samu kawai dasashi ya yi ja, in ta kurɓi ruwan randa sai ta runtse ido.

Da na kai ta wajen likitan haƙori a nan Damagaram, bai fara da kuɗi ba. Ya busar da haƙorin, ya haska ƴar fitila ta bayansa, sannan ya ce, "Malama, a ina kika yi ƙuruciya, kuma wane ruwa kuke sha?" A ƙauye ta girma wajen kakarmu, ruwan foraj suke sha. Ya ce ai shi ke nan.

Tabon goro, shayi da taba a kan haƙori yake zaune, dauɗa ce da ta yi kanta. Maganinsa wankin asibiti, wanda likitocinmu ke kira détartrage, a bi da gogewa. Shi ya fi araha, kuma ba ya cin haƙori. Duk wanda ya ce zai sa maka asid saboda jan goro, ɗauki hularka ka fita.

Irin na ƙanwata daban ne. Sinadarin fulorayid ne ya yi yawa a ruwan sha lokacin da haƙoran ke ginuwa, wato kafin yaro ya kai kamar shekara 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita, kuma wanda ya san yadda ruwa mai yawan fulorayid ya lalata haƙora da ƙasusuwan yaran Tibiri ta Maradi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wannan tabo a cikin farin ɓawon haƙori yake, shi ya sa asuwaki ba ya kai masa. A nan ne kankarewa, microabrasion a bakin likita, take da amfani.

Wani likitan haƙoran yara Ba'amurke, Theodore Croll, shi ya yaɗa dabarar tun 1986, da asid ɗin haidurokulorik mai ƙarfin kashi 18 cikin 100 haɗe da garin dutse. Yanzu an sassauta. Opalustre, wani haɗin kankarewa na kamfani, alal misali, asid ɗinsa kashi 6.6 ne, wasu kuma suna haɗa asid ɗin fosforik mai kashi 37 da garin dutsen. Na ga yadda aka yi wa ƙanwata: an shimfiɗa mata wata fatar roba a baki, haƙoran kaɗai suka leƙo ta ƴan huji, aka sa mata tabarau. Likita ya shafa ƙullun, ya murza da ɗan inji a hankali, ya wanke, ya duba, ya sake. Bai yi mata allura ba. Daga ƙarshe ya shafa fulorayid, abin da ya ba ni dariya, tunda shi ne mai laifin, amma a bisa haƙori ƙarfafa ɓawon yake yi.

Sai dai a san abin da ake saye. Ɓawon haƙorin gaba bai wuce kamar milimita 1 ba, kusa da dasashi ma bai kai ba, kuma kankarewa tana iya cin kusan ɗaya bisa biyar na milimita. Abin da aka kankare ba ya tofowa. In tabon ya yi zurfi aka matsa, rawayar da ke ƙasa ce za ta bayyana. Don haka tabon maganin tetirasaikilin da aka sha da ƙuruciya, ko haƙorin da ya yi toka-toka bayan faɗuwa daga kabu-kabu, ba aikinta ba ne.

Maganin haske, mai ɗauke da sinadarin ferokzayid, ba ya kankare komai, launin haƙorin duka yake ɗagawa. Ya dace da wanda haƙoransa suka yi rawaya bai-ɗaya, amma yana sa jin sanyi na ƴan kwanaki, kuma shayi da goro za su dawo da kai baya. Sau da yawa ana yin sa bayan kankarewa. Ga farin tabo zalla akwai Icon, wani ruwan roba da ake tsotsar da shi cikin ɓawon, sai ka tambaya ko likitan yana da shi. Liƙa wa haƙori fuskar roba ko ta tangaran kuwa, ni dai sai in sauran sun gaza, don ta tangaran ta fi tsada kuma galibi sai an feƙe haƙorin.

Kafin ka zauna a kujera ka ji ko kuɗin na kowane haƙori ne ko na zama guda, kuma ko za a sa robar kare dasashi. In babu robar, kada ka buɗe baki. Mai rami a haƙori ko dasashi mai jini, shi za a fara gyarawa.

Na ƙanwata tabon mai launin ruwan ƙasa ya tafi a zama ɗaya. Ɗan farin zane ya rage a na hagu, likita ya ce ba zai ƙara ci ba, ta ce a bar mata shi haka.