Gwajin ƙodar kyanwa: yadda ake yi a Ingila da abin da likitocin dabbobi za su iya yi a gida, wato ƙasarmu

A asibitocin dabbobi na Ingila, kyanwar da ta haura shekara bakwai akan duba mata ƙoda ko da lafiyarta ƙalau. Gwamnati ba ta biya, mai ita ne ke biya, ko inshora idan ciwo ya kama ta.

Jini ake fara ɗiba daga jijiyar wuya, bayan an hana ta abinci kamar awa 12, amma ban da ruwa. Ana auna kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, sai SDMA, wani sinadarin da shi ma ƙoda ke tacewa, wanda kamfanin IDEXX ya fitar da gwajinsa a 2015. Kiriyatinin ba ya tashi sai ƙoda ta rasa kusan kashi 75 cikin ɗari na aikinta, shi kuwa SDMA tun wajen kashi 40 yake nunawa. A ma'aunin IRIS, ƙungiyar likitocin dabbobi ta duniya da ta kasa ciwon ƙoda mataki huɗu, kiriyatinin 140 zuwa 250 (µmol/L) mataki na biyu ne, sama da 440 na huɗu. Takardar sakamakon gwaji ta Amurka kuwa, da yake ma'auninta daban ne (mg/dL), sai an ninka lambarta sau 88.4 kafin ta dace da wannan.

To amma 'yan uwa likitoci, kada rashin SDMA ya karya muku gwiwa. Rabin amsar a fitsari take. Ana zuƙo shi da allura kai tsaye daga mafitsara, a ɗiga ɗigo biyu a kan rifiraktomita, na'urar auna kaurin fitsari da ba ta buƙatar wutar lantarki. Idan kaurin ya gaza 1.035 alhali kiriyatinin ya hau, ƙoda ce abin zargi. 'Yar takardar gwaji da ake tsomawa a fitsari ba abin dogaro ba ce wajen auna kauri.

Matsalar gida ita ce kai jinin kyanwa ɗakin gwajin mutane. Injinsu zai auna jinin kyanwa daidai, sai dai iyakar da suke bugawa ta ɗan Adam ce, don haka lafiyayyar mage sai ta fito kamar mai ciwo. Ga zafi: a raba ruwan jinin da wuri a sa a sanyi. Ƙishirwa tana ɗaga kiriyatinin, rama kuma tana saukar da shi, domin daga tsoka yake fitowa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Sai an ba ta ruwa ta ƙoshi, a maimaita bayan mako biyu, a kuma auna hawan jini, domin idan hawan jinin ya kai 160 (mmHg) ido na iya taɓuwa.