Kafin a Sayo wa Baba Na'urar Ji

Idan rediyon Baba ta fara damun maƙwabta, kuma sai an maimaita magana sau uku yana "Na'am?", 'ya'ya kan haɗa kuɗi a sayo masa na'urar ji. Niyyar mai kyau ce, sai dai sau da yawa kuɗin asara ake yi, don an riga an saya kafin a san abin da ke damun kunnen.

A fara kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, haka ma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika suna da wannan sashe. Wani datti ne kawai ya toshe masa kunne, ana wankewa sai ya ji garau. Wani kunnen mugunya yake zubarwa, magani yake bukata. In kuwa jin ne ya raunana saboda tsufa, ko ƙarar injin niƙa, ko bayan sanƙarau, za a yi gwaji a ba ku takarda mai zane da ke nuna sautin da kowane kunne ya rasa. Da ita ake saita na'ura.

Nan ne bambanci yake tsakanin na'urar asibiti da 'yar arahar da ake tallatawa a kasuwa da intanet. Ita 'yar arahar lasifika ce ƙarama, komai ɗagawa take yi: muryar jika, kukan akuya, janareton maƙwabci, duk ɗaya. Tsoho kuwa yawanci siririn sauti yake fara rasawa, irin "s" da "f" da "sh", shi ya sa yake cewa yana jin ana magana amma ba ya ganewa. Ka ƙara masa hayaniya, bayan mako guda za ka tarar da abin a ƙarƙashin matashin kai. Na'urorin kamfanoni irin su Phonak, Oticon da Signia da kwamfuta ake saita su, su ɗaga abin da ya ɓace kawai.

Sai siffa. Mai shiga cikin ramin kunne ba a cika ganinta ba, don haka masu jin kunya suke sonta. Amma datti da gumi na saurin toshe ta, ƙarfinta kaɗan ne, kuma yatsun dattijo mai makyarkyata ba sa iya sarrafa ta. Mai ratayawa a bayan kunne ta fi ƙarfi, ta fi jure wahala, gyaranta ya fi sauƙi, kuma ita ake ba yara, don robar da ke shiga kunne kawai ake sakewa idan yaro ya girma. A ganina, a ƙasarmu mai ƙurar hunturu da zufar bazara, ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane. Mata ma ɗankwali ya rufe musu ita.

Batiri kala huɗu ne, kowanne da launin takardarsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Mafi ƙanƙanta, wato 10, kwanaki kaɗan yake yi. 675 kan kai mako biyu ko fiye. Da iska suke aiki, da zarar ka ɓare takardar sun fara ƙarewa, ko ba a saka su ba. Ka tabbata ana sayar da lambar taku a garinku. Mai caji ta hutar da kai wannan, muddin akwai wuta ko sola kowane dare. In babu, Baba zai wuni ba ya jin kowa.

Mai sayarwa ma sai an zaɓa. Tambaye shi: zai sake saita ta kyauta bayan makonni? Garantin na wata nawa ne, kuma a ina ake gyara? In gwaji ya nuna kunne biyu ne, guda biyu sun fi taimakawa wajen gane inda sauti ya fito, musamman a bakin titi.

A kwanakin farko Baba zai ce muryarsa ta canza, har takun takalminsa yana damunsa. Ya fara da 'yan sa'o'i a ɗaki shiru kafin ya shiga da ita kasuwa ko ɗaurin aure. Ya riƙa cire ta lokacin alwala da wanka, da dare kuma a buɗe murfin batirin a ajiye ta a busasshen wuri, nesa da hannun jikoki, don batirin na da haɗari in yaro ya haɗiye.