Gora da sawali: yadda ake gyara ƙaramin gidan abinci a Filifin

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu shirin buɗe wurin sayar da tuwo ko shinkafa. A nan Filifin ƙaramin gidan abinci na unguwa sunansa karinderiya. Ana jera tukwane a kan kanta, mai saye ya nuna abin da yake so da yatsa, shi ya sa wasu ke ce masa turo-turo, wato nuna-nuna. Da yawa daga cikinsu da gora da saƙa ake ƙawata su, kayan da mu a gida muka bar wa rumfar kasuwar ƙauye.

Abin da ya fi kusa da zanarmu shi ne sawali, wanda a tsibiran Bisayas da Mindanao ake kira amakan. Gora ce ake tsagawa siriri a saƙa. Bambancinsa da zana awo ne: yawanci ana sayar da shi ƙafa 4 a ƙafa 8, daidai da falen filawud, don haka kafinta yana lissafi tun kafin ya je kasuwa. A wurinmu kowane masaƙi da tsawon hannunsa, sai an kawo zana gida a fara yanka da ƙari. A shago mai mita 4 a mita 6, dogon bango yana cin sawali uku idan aka kwantar da su, domin ba a sauke shi har ƙasa. Mita ɗaya na ƙasan bango tayil ne ko siminti mai santsi, saboda ruwan wanki da miya da ƙafar kujera. Daga nan a kafa firam na katako, tsakanin sanda da sanda santimita 40 zuwa 60, a shimfiɗa sawalin, a danne bakinsa da tsagin gora. Wanda ya manna shi kai tsaye a jikin bulo ya yi wa kyankyasai ɗaki, kuma danshin bango zai sa ya yi baƙi cikin damina ɗaya.

Gorar ita ce ke buƙatar ilimi. Wadda magina suka fi so ita ce kawayan tinik, mai ƙaya da kaurin jiki. Ana sare wadda ta kai shekara 3 zuwa 5, da rani. Ɗanyar gora cike take da sitaci, kuma sitacin ne abincin wani ƙaramin ƙwaro da suke kira bukbok. Alamarsa ƙananan huda kamar na allura da farin gari yana zubowa, a gidan abinci kuwa cikin kwanon mutane zai zuba. A da can mutane sukan jiƙa gora a kogi ko ruwan teku na makonni. Yanzu an fi amfani da boraks da hodar borik, sinadarai masu maganin ƙwari: kilo ɗaya da rabi na boraks, kilo ɗaya na borik, a narkar cikin ruwa lita 50. A sa dogon rodi a huda gaɓoɓin cikin gorar don ruwan ya ratsa, a danne ta da dutse ta nutse kamar mako guda, sannan a jingine ta a inuwa ta bushe. Idan aka shanya ta a rana tsagewa take yi. Wannan magani ruwa yana wanke shi, saboda haka gorar cikin ɗaki yake karewa, ta waje sai an rufe ta da mai ko fenti mara launi. Kada kuma a buga mata ƙusa haka kawai. A fara hudawa da dril kusa da gaɓa, a sa noti ko turken gora, a ɗaure da igiyar ratan, wani tsiron daji mai yaɗo da ake saƙa da shi. Ƙafar ginshiƙi ta zauna kan siminti, kada ta taɓa ƙasa, don gara a nan ma ba ta da sauƙi.

Tsarin shagon kansa gida biyu ne. Inda ake ci, nan ake zuba saƙa: gaban kanta a lulluɓe da tsagin gora, kujeru masu saƙar ratan da ake kira solihiya, wadda iska ke bi ta cikinta, sai tabarmar banig irin ta garin Basey a tsibirin Samar a rataye a bango cikin firam. Inda ake girki babu ko ɗaya daga ciki, sai tayil da ƙarfe mara tsatsa da bututun fitar da hayaƙi. Saman kanta, mai tsayin kimanin santimita 90, shi ma ƙarfe ne ko gilashi, domin maiƙo idan ya shiga saƙa ba ya fita. Dokar tsafta ta 1975 da dokar kashe gobara ta 2008 suna tsaye a kan wannan, kuma sai da takardar tsafta da ta jami'an kashe gobara ake samun izinin kasuwanci. Wannan rabuwa ta fi komai cancantar a kwaikwaya, ganin yadda a kasuwanninmu murhu ke zama taku biyu daga zana.

Jinkar ganyen nipa, wani dangin kwakwa na bakin ruwa, tana da sanyi da kyan gani, amma tana kama wuta kuma shekaru kaɗan take yi, ga guguwar teku kusan 20 da ke shiga yankin ƙasar kowace shekara. Masu hankali kwano suke rufawa, su yi silin da sawali, nipa kuwa ɗan kaɗan a rumfar ƙofa. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, kwan fitila kuma mara zafi. Murfin fitila sukan yi shi da zaren abaka (wani dangin ayaba) na yankin Bikol, ko da kapis, ɓawon wata halittar teku mai barin haske ya wuce, irin wanda ke tagogin tsofaffin gidajen birnin Bigan. A Manila ana samun waɗannan a rumfunan ƙarƙashin gadar Kiyapo, kusa da babban masallacin unguwar da gidajen abincin halal.

Ban ga dalilin yin odar gora daga nan zuwa Kano ko Damagaram ba. An busar da ita ne a ƙasa mai laima, hunturu ɗaya zai iya farfasa ta, ratan ma ya bushe ya karye. Maƙiyinsu fumfuna ne, namu ƙura da bushewa. Asabari zai yi aikin sawali a bango da silin, tabarmar kaba ta tsaya a wurin banig, azara ta yi ginshiƙi, faifai da ƙwarya su yi murfin fitila. A ba masaƙi awon ƙafa 4 a 8 tun farko, a jiƙa kayan a ruwan boraks, a shafa musu fenti mara launi sau biyu don tsumma mai ɗan danshi ya iya goge ƙurar hunturu, a kuma ɗaura su da sukurori yadda za a iya kwance fale ɗaya a sauya ba tare da an rufe shago ba.