SSD ɗin ya yi, amma ina tsohon faifaina?

Shekara bakwai laftof ɗin nan tana hannuna, da ita nake haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai. Tun azumin bara ta fara nauyi. In na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo, ɗigo-ɗigon nan na Windows 10 suna ta zagaye. Excel kuwa, ka danna ka zauna jiran gawon shanu. Mai gyaran farko ko buɗe ta bai yi ba ya ce bairas ne, ya yi mata fomatin, ya karɓi kuɗinsa. Sati biyu ta koma gidan jiya.

Shagon na biyu, wanda a kansa nake wannan rubutu, wani abokin aikina ne ya tura ni. Gaskiya mai gyaran ya burge ni. Ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, wato shafin da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, ya fito, ya juyo min da allon ya ce, "Malam, duba nan." Wajen faifan ajiya ya tsaya cak a kashi 100, alhali ba mu buɗe komai ba. Ya ce in kara kunnena. Sai na ji wani ƙit-ƙit-ƙit a ƙasan madannai, ƙarar da na daɗe ina ji ina ɗauka fanka ce. Ashe tsohon faifan ne, irin mai juyawa sau 5,400 a minti, allura na bin sa tana karatu, ga shi ya tsufa. SSD kuwa, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba abin da ke motsi a cikinsa.

Ya kuma nuna min manhajoji 14 da ke tashi tare da kwamfutar, ciki har da na kashe bairas guda biyu da mai gyaran farko ya loda min, suna ta kokawa da juna, bayan Windows na da nata. Na tambaye shi ko in ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, tunda 4GB ne, ya ce in bari tukuna. Mai gyara ya hana ka kashe kuɗi? Nan na saki jiki.

Ya sa SSD mai 256GB, ya busa ƙurar fanka. Wallahi da na kunna, kafin in gyara zama ta buɗe. Na duba agogo, daƙiƙa 20. Har na fara tallata mai gyaran a ofishin malamai.

Sai da na je neman hotunan sunan 'yata na ga wayam. Ɓangaren C na tsohon faifan kawai ya kwafo, ɓangaren D da hotunan ke ciki bai shiga ba saboda wuri ya yi kaɗan, kuma bai faɗa min ba. Tsohon faifan ma bai ba ni ba, ni kuma murna ta sa ban tambaya ba. Na kira, ya ce, "Yana nan a durowa, Malam, ka zo gobe." Sau uku ina zuwa, yaron shagon na cewa Oga ya fita. Faifan da ke da sunayen ɗalibai da makinsu na shekara shida! Ga sukuru ɗaya da bai mayar ba, murfin ƙasa na ɗagawa ta gefe.

Aiki dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma na daina tura masa mutane sai na riƙe faifaina a hannu. Ranar Asabar zan koma, wannan karon da kujerata.