Alnorum da traillii: kunne ke raba su

Empidonax alnorum da Empidonax traillii kamar an tsaga kara suke. Ƙananan tsuntsaye ne na Arewacin Amurka masu cafke ƙwari a iska: baya toka-toka mai ratsin kore, ƙirji fari-fari, zane biyu a fiffike. Har zuwa 1973 masana jinsi guda suke lissafa su. Ko masu sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, da tsuntsun a tafin hannunsu, sau da yawa ba sa iya cewa wanne ne.

Kuka ne ya tona asiri. Alnorum yakan ja nasa da ɗan gurgura, "fii-bii-yo". Traillii kuwa kamar atishawa, "fits-biyu", ya yi shiru. Kuma ba koya suke ba, da shi ake ƙyanƙyashe su. Ɗan da aka raina shi kaɗai ma kukan gidansu zai yi.

Alnorum ya fi yin arewa, Kanada har Alaska, yana cin hunturu a nahiyar Kudancin Amurka. Ni traillii ya fi ba ni tausayi: reshensa na kudu maso yammacin ƙasar Amurka ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 1995, saboda kurmin bakin kogunan da yake sheƙa yana ta raguwa.