Gargaɗi ga masu zuwa Umra: agogon da aka nuna mini a Jidda ba shi aka naɗe mini ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da dawowata daga Umra, kuma tun ranar da na gano abin da aka yi mini nake son in rubuta wannan, musamman ganin yadda mutanenmu ke tururuwa zuwa ƙasa mai tsarki kowane wata, kowa da jerin tsarabar da aka ba shi sallahu. An damfare ni riyal 1,100 a kan agogon hannu a wani lungu na kasuwar Balad da ke Jidda. Abokin tafiyata ma an karɓe masa daidai wannan kuɗi, a shago ɗaya, cikin abin da bai kai awa guda ba. Ba zan ambaci sunan shagon ba, domin ba ni da takarda ko ɗaya da zan kafa hujja da ita, kuma rashin takardar nan ma wani ɓangare ne na dabarar da aka yi mana.

Mahaifina yana da agogon Seiko 5 da ya sayo a aikin Hajjinsa tun ina ƙaramin yaro. Gilashinsa ya dushe, maɗaurinsa ya saki, amma har gobe yana tafiya. Irin agogon nan ne da mutanenmu ke cewa yana aiki da jini. A gaskiya babu ruwansa da jini, kuma babu batir a cikinsa. Wani ƙarfe ne mai siffar rabin faifai a bayan injin, duk motsin da hannu ya yi sai ya juya, juyawar ce take yi wa agogon wani. Na daɗe ina burin in saya wa Baba sabo na fita, wanda zai dace da babbar riga ranar Juma'a ko Sallah. Zuciyata ta kwanta da Seiko Presage, mai fuska ruwan sararin samaniya da maɗaurin baƙar fata. Kafin in tafi na bincika kuɗinsa, na ga ya haura dala 400. Tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, na san abin zai wuce riyal 1,500. Da wannan lissafin na tafi, kuma ina ganin na san abin da nake nema.

Ranar ƙarshe aka sauke mu a Jidda, jirginmu sai cikin dare. Muna yawo a Balad, ni da abokina, sai ga wani mutum mai fara'a, ya yi mana sallama da Hausa tiryan-tiryan.

"Alhazai, sannunku da ibada, Allah Ya karɓa. Daga Kano ne?"

Wanda ya kwana goma sha biyu yana ciniki da nuni da yatsa ya san daɗin da ake ji in aka ji Hausa a tsakiyar kasuwar Larabawa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya ambaci unguwanni kamar wanda ya baro su jiya. Da na ce agogo nake nema, har na nuna masa hoton a waya, sai ya ce, "Alhaji, kada ka shiga manyan shagunan nan, kuɗin hayarsu da na fitilunsu za ka biya. Zo in kai ka inda 'yan kasuwar Kano ke sari. Ni ba na son ko sisinka, saboda Allah zan yi."

Ya ratsa da mu lunguna har wani ɗan shago mai tsabta, cike da agogo. Mai shagon ya ciro Presage daga cikin gilashi ya miƙo mini. Ina so ku lura da nan sosai, domin nan ne aka ci mu. Agogon da ya miƙo mini na asali ne, har yau ban yi shakka ba. Na juya shi, bayansa gilashi ne, ana ganin injin, ga sunan Seiko da lambar injin, wato 4R35, a kan ƙarfen nan mai juyawa. Tsinken daƙiƙa yana tafiya sumul. Rubutun fuskar tsaf, kamar da allura aka zana. Duk abin da na karanta cewa a duba, na duba, ya cika.

Aka fara ciniki daga 1,500. Dillalin yana ta magana da mai shago da Larabci, yana ɗaga murya kamar mai yi mana faɗa, har aka sauko 1,100 in za mu ɗauki biyu. Abokina, da bai fito da niyyar sayen agogo ba, ya ga garaɓasa ya ce shi ma a ba shi ɗaya. Da na ciro kati zan biya, sai dillalin ya dafa hannuna. Ya ce in da kati da rasit ne sai an ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari, amma in kuɗi hannu ne an yafe. Harajin gaskiya ne, tun watan Yulin 2020 Saudiyya ta kai shi kashi 15, shi ya sa maganar ta shige ni. Muka ƙirga kuɗi muka ba shi.

Sai mai shagon ya karɓi agogon daga hannuna ya mayar cikin gilashi. Dillalin ya fassara: "Wannan na nuni ne, Alhaji, hannu ya taɓa shi da yawa. Tunda na Baba ne, bari a ɗauko sabo fil daga sito." Na ji daɗin wannan magana, na ɗauke ta karramawa. Wani yaro ya fita, ya dawo da kwali biyu. Aka buɗe murfi aka nuna mana fuska, launi ɗaya, tsinke yana tafiya. Agogon yana ɗaure a matashinsa, an liƙe bayansa da wata leda mai launi wadda ba a ganin komai ta cikinta. Ana cikin haka aka kira sallar Magariba, mai shago ya fara jan ƙofa, jagoran tawagarmu kuma yana ta buga waya cewa mota za ta tashi. Aka naɗe kwalayen da takardar kyauta, aka ɗaure. Muka yi godiya, har addu'a muka yi wa mutumin.

Baba ya yi murnar da ba zan manta ba. Kuma agogon yana riƙe lokaci daidai, babu abin da ya sa na yi zargi. A sati na uku ne ya kira ni ya ce gilashin yana yin hazo daga ciki duk lokacin da ya yi alwala. Irin wannan Presage na asali an ƙera shi ya jure ruwa har mizanin mita 50 kamar yadda ake rubutawa a bayansa. Ba na iyo ba ne, amma fantsalin alwala bai isa ya shige shi ba. Na ɗauke shi na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari, wanda ya daɗe yana duba na Baba.

Ya maƙala madubinsa a ido, ya juya agogon sau ɗaya, ya ɗago ya dube ni.

"Yaro, nawa ka saya?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce in matso. Ya nuna mini ƙarfen mai juyawa: babu 4R35 a kai, NH35A aka rubuta, da duwatsu 24, wato ƙananan duwatsun da ake sa wa cikin inji don rage gogayya, alhali injin 4R35 duwatsu 23 gare shi. Ya buɗe murfin, robar da ke tare ruwa ta tsinke, siririya kamar zare. Ya nuna mini harufan sunan Seiko a fuska, ɗaya ya ɗan karkace, ga alamar gam a gefensa. Ƙaramin rubutun da ke can ƙasa kusa da ƙarfe shida, inda ake sa cewa an ƙera a Japan tare da lambar inji, ya yi kauri, tawadar ta bazu. Da ido tsirara ba za ka gani ba, balle a cikin shago ana gaggawa.

Ban gamsu ba sai da ya ce in kira abokina ya karanto lamba shida da ke bayan nasa. Kowane Seiko yana da tasa lambar shi kaɗai: ta farko tana nuna shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata, daga 1 zuwa 9, sai harufan O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Abokina yana karantowa ina bin nawa da ido. Lamba ɗaya ce, tun daga farko har ƙarshe. Nan jikina ya mutu.

Abin da dattijon ya fahimtar da ni shi ne abin da na fi so ya isa kunnen kowa. A da, gane jabu ba wuya. Sai ka kalli tsinken daƙiƙa, in yana tsalle ɗaiɗai to na batir ne aka yi wa riga, in yana tafiya sumul to mai inji ne, domin injin irin wannan yana bugawa sau shida a daƙiƙa, sau 21,600 a awa. Wannan gwajin ya daina aiki. Injin NH35 ɗan gidan Seiko ne na gaskiya, kusan tagwaye ne da 4R35, kuma kamfanin yana sayar da shi a sari ga duk mai ƙera agogo. Ƙananan kamfanoni da yawa suna amfani da shi da sunansu, babu ha'inci a ciki. Masu jabu su ma sai su saya da araha, su sa shi a cikin gangar jiki mara inganci, su manna sunan Seiko a fuska. Shi ya sa agogon zai yi tafiya sumul, ya riƙe lokaci, in ka ajiye shi ya kwana ya wuni yana aiki kamar na asali, wanda ke ɗaukar kimanin awa 41. Injin gaskiya ne, sauran duka ƙarya, kuma kuɗin sauran ne ka biya.

Don haka duk wanda zai sayi irin wannan agogo a tafiya, ko Presage ne, ko Orient Bambino, ko Citizen, kada ya yarda agogon da ya duba ya bar hannunsa. In sun ce na nuni ne, ka ce shi kake so. In sun dage sai an ɗauko daga sito, to sabon ma a ciro shi daga matashi, a ɓare ledar baya, ka sake dubawa daga farko kamar ba ka ga komai ba. Ka ɗauki hoton bayan da wayarka, ka faɗaɗa hoton, rubutun zai fito fiye da yadda ido ke gani. Lambar injin da ke murfin baya ta zo ɗaya da wadda ke kan ƙarfen ciki da wadda ke ƙasan fuska. In ku biyu ne, ku haɗa agogunan ku gwada lambobinsu, da mun yi wannan kaɗai da mun tsira a wurin. Katin garanti kuma, namu yana cikin kwali amma fari fat, ba hatimi, ba kwanan wata, ba lamba. Kati irin wannan takarda ce kawai. Na gaskiya a gabanka ake cike shi, a sa lambar agogon, a buga hatimin shago.

Batun rasit ya fi ci mini rai, domin da kaina na yafe shi saboda in rage 'yan riyal. Tun Disambar 2021 rasit na haraji a shagunan Saudiyya yana fitowa da lambar QR, wadda ke ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar rajistarsa ta haraji. Ma'aikatar kasuwanci ta ƙasar tana karɓar ƙorafi a lamba 1900, tana kuma da manhajar waya ta kai ƙara mai suna Balagh Tijari. Mai rasit yana da abin nunawa. Ni kuwa me zan ce? Na ba wani mutum kuɗi a wani lungu? Duk wanda ya ce maka ka bar rasit don ka tsira daga haraji, hujjarka yake karɓewa. Shafin Seiko na intanet yana da jerin shagunan da kamfanin ya amince da su a kowace ƙasa, minti biyu ya isa ka duba tun kana masauki. Sannan a daina barin sayayya mai tsada sai ranar tashi. Mutanen nan sun san ranar da motocin alhazai ke shigowa Jidda, sun san wanda jirginsa ke tashi da dare ba zai dawo gobe ya yi rigima ba.

Kada a ɗauka ina yi wa Hausawa mazauna Saudiyya kuɗin goro. A tafiyar nan ɗaya daga cikinsu ya raka wata tsohuwa ta tawagarmu asibiti, ya wuni da ita, ya ƙi karɓar komai. Irinsa suna da yawa. Amma dillalin da ya tare ka a hanya, ya san abin da kake so kafin ka gama faɗa, ya rantse ba ya son la'ada, to la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya. Lambar wayar da namu ya ba ni, tun ranar da na fara kira a kashe take.

Dattijon ya ƙara mini da wani abu a taƙaice, ga masu neman tsofaffin Seiko 5 irin na iyayenmu. Akwai waɗanda ake harhaɗawa daga ɓaraguzan agogo daban-daban, galibi daga Indiya, a sake fentin fuskar da launi mai ɗaukar ido, a goge jikin ya yi ƙyalli, a ce tsohon ajiya ne da ba a taɓa ɗaurawa ba. In ka ga agogon da ake cewa ya shekara 40 amma fuskarsa kamar jiya aka fenta, ka ajiye.

Na gaya wa Baba gaskiya, ban ɓoye masa ba. Ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya cire agogon ya miƙo mini, ya koma ɗaura tsohonsa. Na kai wannan tsohon wajen dattijon, ya wanke injin, ya sa mai, ya canja gilashi da maɗauri. Jabun kuwa yana cikin kwalinsa a durowata. Wani mai sayar da agogo a tebur ya gan shi ya taya, har ya ƙara kuɗi da ya ga kwali da katin garanti. Na ce masa ba na sayarwa ba ne, domin na san da sunan da zai sayar wa na gaba.