Inci 20 ko 24: wanne ya fi don koyon tsayuwa wuri ɗaya a keke mai taya ɗaya?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi wanne ya fi don koyon tsayuwa wuri ɗaya, keke mai tayar inci 20 ko mai 24. Cikin biyun, ɗauki mai inci 20, kada ka tsaya dogon tunani.

Shi nake hawa har gobe, ƙirar kamfanin Nimbus ne na hannu, ƙarfen fedarsa milimita 125. A kansa na koyi gaba-baya, wato tsayuwa wuri ɗaya kana kai taya gaba kana dawo da ita, a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, kan daɓen siminti, ina dafe da bango. Ƙafarka mai ƙarfi ita za ka bari a ƙasa, fedar ta riƙa lilo gaba da baya ba tare da ta zagayo ba. Ta sama kuwa ɗora ta kawai, kada ka taka da ita. Nauyinka duka ya zauna a kan sirdi, wannan shi ne inda yawancin masu koyo ke shan wuya, sai cinya ta ɗau zafi tun ba a je ko'ina ba. Kai da kafaɗu su tsaya cik, tayar ce za ta bi ta ƙarƙashinka ta dawo. Ka kafa ido kan wani abu can gabanka, ka manta da kallon ƙasa.

A nan ƙaramar taya ke nuna halinta. Zagayenta ɗaya kusan mita 1.6 ne, na 24 kuwa ya kai 1.9, don haka lilonta gajere ne, kafin jiki ya gama karkacewa ka riga ka jawo ta ƙarƙashinka. Ranar da na fara sakin bangon na tsaya da kaina, Hajiyarmu na tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ƙwala wa ƙannena kira su fito su gani, ita da kullum addu'arta kada in karye.

Mai inci 24 na taɓa mallaka, na sayar. In zuwa Filin Polo da dawowa ne, ya fi sauri. A tsaye dai nauyi gare shi.

Wasu za su ce ka fara da tsalle: fedoji biyu a kwance daidai da juna, ka miƙe, ka kama gaban sirdi kana ɗan dira. Ya fi saurin shiga hannu, amma akwai gajiya, kuma a keke mai araha ƙarfen feda yakan lanƙwashe. Koyi gaba-baya tukuna.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar Facebook. Akwai mai turo maka hoton babban keke ya aiko da na yara mai inci 16. Lambar girman tana rubuce a gefen taya, ka ce ya nuna maka a bidiyo. Duba harafin L da R a ƙarfen feda: L hagu, R dama idan kana zaune. In an juya sirdi aka hau shi a baibai, feda na kwancewa ta cinye haƙoran ƙarfen, wasu kuma sai su like ta da walda su yi shiru. Ɗaga keken ka wulwula tayar, in tana rawa ko kana jin ƙara a tsakiya, bar masa kayansa. Kada ka tura kuɗi sai ka gani da idonka ko wani naka ya gani.

In ya zo hannu, ɗaga sirdin yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa, sannan mai faci ya ba tayar iska sosai. Taya mai laushi kama ƙasa take yi, ta hana ka juyawa.